Abin da Garba Yake Kiran Masar

Tun a Kwatano na fara gane cewa sunan ƙasa ba abin da mutum zai yi rantsuwa a kansa ba ne. Muna cikin motar da za ta kai mu Lome, an cusa mu kamar buhunan albasa, sai gardama ta ɓarke tsakanin wani tsoho mai sayar da fata da wani saurayi mai agogo. Tsohon ya ce ƙasar da muke ciki Dahome ce. Saurayin ya ce an daina wannan, yanzu Bene ake cewa, kuma in jandarma ya ji tsohon sunan a bakinka sai ka yi bayani. Tsohon ya ce shi tun ba a haifi uban saurayin ba yake bin hanyar nan, kuma ba wanda ya zo ya shawarce shi kafin a canja. Ni dai na rungume jakata. A ƙauyenmu, gab da Jibiya, duk ƙasar Kwatano muke ce mata, da garin da dajin.

Ba fatauci ya fito da ni ba. Yayana Sale nake nema. Direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa ta Lome ya haura da su arewa, kuma duk shekara sai ya aiko wa Inna da atamfa da gaisuwa ta hannun 'yan'uwansa direbobi. Sai aka wayi gari ba atamfa, ba gaisuwa, direbobin ma in an tambaye su sai su kau da kai. Inna ta rame. Abin da ta ce mini shi ne, in ya mutu a faɗa mata ta san irin addu'ar da za ta riƙa yi, in kuma yana da rai, tana so wani nata ya gan shi da idonsa.

A kan iyakar Togo sojoji suka zazzage mini jaka a ƙasa, suka warware har tabarmar sallata. Lokacin jam'iyya ɗaya ce a ƙasar, shugaba ɗaya, hotonsa a bangon kowane ofis da shago, har a ƙirjin mutane maƙale da fil. Ana ta raɗe-raɗin cewa wasu na shigo da makamai daga waje, don haka duk baƙo abin zargi ne. Da muka wuce, saurayin nan mai agogo da ya cika mu da surutu tun safe bai ƙara cewa uffan ba har muka sauka.

An kwatanta mini tun daga gida: in na sauka in tambayi Zongo, yana nan tsakiyar gari, in nemi gidan Baba Tanko mai goro, maigidan Yaya Sale. Na tambaya, aka nuna mini. Na je na tarar da fili. Ɓaraguzan bulo, tsofaffin kwanon rufi, awaki suna kiwo a inda aka ce masallaci yake. Na tsaya da jaka a kafaɗa kamar wanda aka dasa, iskar teku tana kaɗa mini riga, yunwa tana cina, kuma ban san kalma ɗaya ta Mina, yaren mutanen garin, balle Faransanci.

Nan wani ya yi mini sallama da Hausa. Dogo ne, fes da shi, da 'yar hula zanna a goshi.

"Malam, Zongo kake nema? Ai an tashe shi. Gwamnati ta kwashe mutane ta kai su can bayan gari. Daga ina?"

Na ce daga wajen Jibiya.

"Kai! Ɗan gida! Ni ma Bakatsine ne. Garba sunana. Kawo jakar."

Wallahi sai da na ji ƙwalla. Ya saya mini burodi da shayi, ya sa ni a mota, ya zauna kusa da ni muka yi ta tafiya har gari ya ƙare, sannan sabon Zongo ya ɓullo, gidajen bulo marasa shafe a cikin jar ƙasa. Kafin mu isa na zazzage masa cikina kaf: sunan Yaya, sana'arsa, ramar Inna, komai. Ya girgiza kai ya ce in sha Allahu za mu same shi. Da muka hango gidan Baba Tanko sai ya miƙo mini jakata, ya ce shi yana da uzuri, ba zai ƙarasa ba, amma zai riƙa nemana.

Baba Tanko tsoho ne gajere, haƙoransa jajaye da goro. Kakansa ne ya zo daga Kano, shi kuwa a Lome aka haife shi, Hausarsa ta Zongo ce, wadda ba ta damu da bambanta mace da namiji ba. Ya karɓe ni yadda ake karɓar baƙo, ya ba ni wuri a zaure tare da wasu Zabarmawa masu ɗaukar kaya, ya sa aka kawo mini tuwon masara mai tsami da miyar kifi. Da na ambaci Sale sai ya ɗauki goro ya dube shi ta nan, ya dube shi ta can.

"Sale, Sale. Direbobi suna da yawa, yaro. Ka huta tukuna."

Na huta har hutun ya ishe ni. Duk wanda na tambaya a Zongo sai fuskarsa ta rufe. Mahauci ya ce bai san shi ba, alhali na ga yadda wuƙarsa ta tsaya a kan naman. Ladan ya ce in tambayi liman, liman ya ce in tambayi maigidana. Wata mai koko ta ji tausayina ta ce ta ji an ce ya tafi Gwalkos, wani tsoho a gefenta ya ce a'a, Gwanja dai, wani yaron mota ya ce Gana, sai duk suka dubi juna suka yi tsit kamar sun yi saɓo. Na tafi ina ƙuna, ina cewa mutanen nan ko ƙaryar ma ba su iya haɗa baki a kanta ba. In na shigo majalisa sai a koma zancen farashin goro. Na lura har da Zabarmawan zaurenmu ba sa barina ni kaɗai da kayansu.

Shi kuwa Baba Tanko sai ya tsiro da wata ɗabi'a da ta fi komai ba ni haushi. Bayan la'asar zai kira ni in zauna gefen tabarmarsa, ya yi ta yi mini tambayoyin da ba su da kai ba su da gindi.

"Wannan keken ɗinki na maƙwabcina, a ganinka ina aka ƙera shi?"

"Jamus mana, Baba. Irinsa ne a garinmu."

"To. Wannan kwanon sha fa?"

"Na Sin ne."

Wata rana kuma: "Annabi Musa, a wane ƙasa aka haife shi?"

"Haba Baba. Masar."

"Maraɗi fa, a wane ƙasa yake?"

"Faransa," na ce, don haka muke kiran tsallaken iyakarmu tun ina yaro, su kuma mutanen can suna ce mana 'yan Ingilishi.

Ya yi dariya har da tari. Ni kuwa na ce a raina, ga tsoho ya fara ruɗewa, ni na baro uwata tana kuka shi yana yi mini jarrabawar 'yan firamare.

Guzurina ya ƙare, Zabarmawan suka ja ni tashar jirgin ruwa ɗaukar buhu. Ban taɓa sanin akwai wahala irin wannan ba. Buhun shinkafa a wuya, gishirin teku yana cin fatar da buhun ya goge, wani kafaran, wato shugaban lebura, yana yi maka ihu da yaren da ba ka ji. In na kwanta sai in riƙa jin ƙamshin furar gidanmu kamar an ajiye mini ita a gefen kai. A duk garin nan mutum ɗaya ne yake tambayata ya jiki, shi ne Garba. Yakan ɓullo lokacin hutun rana da soyayyar doya a takarda, mu zauna inuwar wata babbar mota, ya ce, "Ɗan gida, an samu labari?" In ce babu. Ya ce, "Maigidan naka bai ce komai ba? Ko da wasa?" In ce ko da wasa.

Wata rana muna zaune yana nuna mini jiragen da tutocinsu, ni kuwa ina mamakin saninsa.

"Wancan na Alman ne. Wancan ja na Shin. Na bayansa kuwa na Ejip."

"Ejip kuma ina ne?"

"Ƙasar Fir'auna mana."

"Au, Masar?"

Ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "I, ita." Ban kawo komai a raina ba. Na ma ji kunya ne, na ce ga ɗan'uwana Bakatsine ya waye ya bar ni.

Ana nan, ran nan bayan la'asar Baba Tanko ya kira ni, amma maimakon tabarmar ƙofar gida sai ya shige da ni ɗakin da yake ajiye goro, ya turo ƙyaure. Ɗakin sanyi, yana warin ɗanyen ganye.

"Ilu, ka yi haƙuri da mu," ya ce. "Yayanka yana da rai."

Na zauna a kan kwando.

Ya ba ni labari a taƙaice. Ayarin motoci ne suka taso daga tasha, aka tsare su a hanya, aka ce an ga abin da bai kamata ba a cikin ɗaya. Ba motar Sale ba ce, amma aka kwashe duk direbobin ayarin, kuma har ranar ba wanda ya dawo. Sale kaɗai ya sulale kafin a kama shi, ya tsallaka iyaka. Tun daga nan ake turo mutane Zongo suna cigiyarsa, wannan ya ce abokinsa ne, wancan ya ce ɗan garinsu ne.

"Sai ga ka, ka ce ƙaninsa. Ina za mu sani?"

"To Baba, yanzu ta yaya kuka sani?"

"Ai kai ka faɗa mini, a kan keken ɗinki da kwanon sha." Ya gyara zama. "Ka ga, ƙasa ba ya raɗa wa kansa suna a bakin mutane. Kowa da ƙofar da ya ji labarinsa. Mu mun ji Masar da Sin da Habasha a bakin Larabawa da alhazai, sai muka riƙe. Jamus kuwa kakanninku sun ji shi a bakin sojan Ingilishi. Bafaranshe yana ce musu Alman, wai sunan wata ƙabilarsu ce da ke maƙwabtaka da shi, sai ya yafa wa duka. Mutanen garin nan da Jamusawan suka mulka suna cewa Jama. In ka tambayi matuƙin jirginsu a tasha, duk ba ɗaya a ciki da yake kiran ƙasarsa da shi, nasa daban. Inda yayanka yake, kakana Gwanja yake ce masa saboda can ake sayen goro, Bature ya zo neman zinariya ya ce Gwalkos, da suka karɓi mulkinsu suka ce Gana. Togon nan ma sunan wani ƙauye ne a bakin tafki."

Na tuna mai koko da tsohon nan da yaron mota. Ashe su ukun gaskiya suka faɗa mini, ni na tafi ina zaginsu.

"Mai son ya yaudare ka zai gyara gaisuwarsa," Baba ya ci gaba, "ya gyara hularsa, ya haddace unguwannin garinku. Amma ba ya tuna ya gyara sunayen ƙasashe, don tun yana ƙarami aka zuba masa su. Haka iyayenmu suke auna baƙo a Zongo. Kai kuwa da ka ce Maraɗi yana Faransa, na san ba makarantar da za ta koya wa mutum wannan wauta, sai dai a haife shi a bakin iyakar."

Ya ce an aika wa Sale. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci in tafi Aflawo, inda garin Lome ya ƙare Gana ta fara, a bakin teku. Zai tsaya ta wancan gefen shingen wajen masu sayar da kwakwa. In bi matan da ke wucewa da tallansu in tsallaka, mu gaisa, in dawo. Ni kaɗai.

"Wa ka faɗa wa abin da ya kawo ka?"

"Ba kowa. Sai Garba, ɗan garinmu ne."

"Wane Garba? Ya taɓa shigowa gidan nan?"

Na ce a'a. Ina faɗa ina jin abin yana yi mini wani iri.

"Me yake kiran Jamus?"

Na ce, "Alman. Amma Baba, ya daɗe a nan, mutum yakan ɗauki maganar wuri."

"Gaskiya ne, ana ɗaukar Alman a tasha, ni ma nakan faɗa. Masar fa?"

Na faɗa masa. Ya daɗe yana murza goro a hannu.

"Ban ce na sani ba," ya ce. "Allah kaɗai ya san zuciya. Amma ban taɓa ganin yaron da ya zauna gaban malam a Katsina, aka ba shi labarin Annabi Yusuf, ya girma ya manta sunan Masar ba. Wannan a bencin makarantar Faransa ya fara jin ƙasar. In an bi ka aka ga Sale, shingen nan ba zai hana su ɗauko shi ba. Kuma daga can nan gidan za su zo."

Na fito raina a jagule. Haushin Garba nake ji, ina kuma jin haushin tsohon da ya ɓata mini shi. Mutumin da ya ɗauki jakata ranar da ba ni da kowa! Na yi ta juya abin: me ya kai shi filin tsohon Zongo ranar? Me ya sa bai taɓa faɗa mini sana'arsa ba? Sai kuma in ce, to in mutumin kirki ne kawai fa, wanda ya yi boko a wani wuri bai faɗa ba? Kwanakin da suka rage na daina zama inuwar motar nan, na ce masa zazzaɓi nake yi.

Ran Juma'a na yi salla a wani masallaci cikin gari, ba a Zongo ba, na fito ta ƙofar baya, na nufi inda ake shiga motar Aflawo. Na sa ƙafa ke nan sai na ji an dafa mini kafaɗa.

"Ɗan gida! Jiki ya yi sauƙi ke nan. Ina zuwa?"

Na ce teku zan je gani, an ce iskarsa tana maganin zazzaɓi.

"Ai kuwa ka samu ɗan rakiya," ya ce, ya shige ya zauna, ya matsa mini wuri.

In na fasa, ya gane akwai abin da nake ɓoyewa. In na tafi, na kai shi da ƙafata. Motar ta tashi ina tsakanin biyun. Yana ta hira, yana nuna mini manyan gine-gine.

Aflawo cike take da mutane. Mata da manyan kwanoni a ka, masu canjin kuɗi, sojoji a ƙofar shinge, teku yana ta rugugi a hagu. Muka taka yashi muka bi gefen wayar. Can na hango tarin kwakwa, da wani mutum tsaye da jar dara.

Ya rame, gemunsa ya fara fari, amma tsayuwar tasa ce, hannu ɗaya a ƙugu kamar mai jiran a gama yi wa motarsa lodi. Tsakaninmu bai fi a yi jifa da dutse ba. Ya gan ni. Na ga fuskarsa ta buɗe, ya ɗaga ƙafa zai matso. Sai na juya na kama hannun Garba, na nuna masa wani kwalekwale a teku, na yi wata dariya da ban san daga ina ta fito ba. Da na saci kallo, Yaya ya tsaya cak. Idonsa ya sauka a kan Garba, ya dawo kaina.

"Wancan mai jar hula sai kallonka yake yi," in ji Garba. "Ka san shi?"

"Wane?"

"Ga shi can, wajen kwakwa."

Na dube shi sosai, na cika idona da shi, daga hular har silifas ɗin ƙafarsa, don na san abin da zan kai gida ke nan.

"Ban taɓa ganinsa ba," na ce. "Ƙila kai yake kallo."

Yaya Sale ya sunkuya ya zaɓi kwakwa, aka fasa masa, ya sha a tsaye ba gaggawa, yana fuskantarmu. Ya goge baki da bayan hannu, ya gyara hularsa, ya juya ya shige cikin mutane. Ni kuwa na zauna a yashi tare da Garba muna kallon masunta suna jan taru, har ya gaji ya ce mu tafi.

Baba Tanko ya ce kada a sake gwadawa, an riga an ga fuskata a wurin, kuma Sale zai ƙara gaba cikin Gana. Garba ya ƙara zuwa tasha da doyarsa sau ɗaya ko biyu, yana tambaya ko an samu labari, daga nan ban sake ganinsa ba. Har yau ban san ko kunnen gwamnati ba ne ko kuwa mutum ne mai son ɗan'uwa. Na yi ɗaukar buhu har na haɗa na mota, na kamo hanyar gida.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake. Ba ta bari na sha ruwa ba.

"Ka gan shi?"

"Na gan shi, Inna. Yana tsaye da ƙafafunsa, yana shan kwakwa."

"Me ya ce?"

"Ba mu yi magana ba. Ba hali."

Ta ajiye faifan a hankali, ta daɗe tana kallona.

"Shi ya gan ka?"

"Ya gan ni."

"To, shi ke nan," ta ce, ta share ido da gefen zane. "Ya san an zo nemansa."